Takalmin 'Yar Fari

Ni dai ban taɓa ganin mutum mai kunya irin Malam Badamasi ba, kuma ba na fatan in sake gani. Shiga Maruta ka tambayi kowa, za a ce maka ai Badamasin Dada, mai sayar da hatsi a kasuwar Birnin Kudu, da kunyarsa aka haife shi. Tun da aka haifa masa 'yar fari bai taɓa kiran sunanta ba. Bai taɓa ɗaukarta ba, bai taɓa ɗaga ido ya dube ta a gaban mutane ba, kai, ko a bayan mutane ma. Da aka yaye ta aka kawo wa mahaifiyarsa Dada, uwar yarinyar kuma aure ya ƙare ta yi gaba abinta. Shi ke nan Sharifa ta zama 'yar Dada, ni kuma Barira, da katangarmu ɗaya da su, na samu abin kallo ba tare da na nema ba.

Kada ku ce ba ya zuwa. Yana zuwa mana. Da an ji ƙugin babur ɗinsa a ƙofar gida sai Dada ta daka tsawa, “Ke, ga shi nan, ɓace!” Sharifa ta yi bayan rumbu, ko ta haura katanga ta faɗo gidana. Shi kuma ya zauna a zaure, kai a sunkuye, ya gaida tsohuwa.

“Ya yara?” in ji shi, alhali yarinya ɗaya ce tak a gidan.

“Lafiya lau,” in ji Dada.

Dattawan da ke zaune a dakali su yi ta gyaɗa kai suna cewa irin wannan tarbiyya ta ƙare a zamanin nan.

Kuma ba marowaci ba ne, wannan kam zan ba da shaida. Kowace Sallah, da kowane komawa makaranta, sai Munzali direban motar kasuwa ya tsaya ya miƙo leda: takalmi ne daga Birnin Kudu. Kun san yadda muke yi in za a sayo wa yaro takalmi ba tare da an je da shi ba: a sa ya taka ƙasa, a ɗauko sillen kara a gwada daga dunduniya zuwa babban yatsa, a karya, a ba mai zuwa kasuwa. To, tun Sharifa tana aji huɗu na firamare Dada ta karya irin wannan karan ta ba ɗanta. Malam Badamasi mutum ne mai adana kaya. Ya soke karan a rufin rumfarsa, ruwa bai taɓa shi ba, gara ba ta ci ba. Duk lokacin sayen takalmi sai ya zaro shi ya kai wa mai takalma, a gwada, a ba shi, ya mayar da karansa ya soke.

Matsalar ɗaya ce. Kara ba ya girma.

Ni na haifa na raina, na san halin ƙafar yaro. Tamkar kabewa ce a damina, ka juya baya ka waiwayo ta ƙaru. Balle 'ya mace in ta fara dosar girma, ƙafar ce ke fara yin gaba, daga baya tsawo ya biyo. Da farko abin bai nuna ba, don mai takalma yakan ƙara ɗan sarari a kan awo. Sai takalmin ya zama cif. Sai ya fara cizo. Shekarar da Sharifa ta shiga aji biyu na ƙaramar sakandare kuwa, ta miƙe ta yi tsawo har ta wuce Dada, aka kawo mata farin kambas na makaranta mai kyau kamar a ajiye a yi ta kallo.

Ina shanya a jikin katanga na hango ta zaune a tabarma tana kokawa da shi.

“Dada, ba ya shiga.”

“Zai shiga. Sabo ne. Shafa sabulu.”

Ta shafa sabulu, ta ɗauko cokali ta zura ta dunduniya, tana nishi kamar mai naƙuda.

“Dada, wallahi ya yi mini kaɗan.”

“Ke, kama bakinki! Kayan uba ne yake kaɗan? Yara nawa ne a garin nan ubansu bai taɓa aiko musu da ko igiyar takalmi ba?”

Ya shiga dai. Da sabulu da cokali da naɗe yatsu ya shiga. Ta miƙe tana takawa kamar kaza a kan rairayin tsakar rana, ta dube ni ta saman katanga ta ce, “Inna Barira, kin ga gayu?” Yarinyar akwai baki, ko tana cikin wuya sai ta ba ka dariya.

Na ce, “Dada, a karya sabon kara mana a aika masa.”

Dada ta riƙe haɓa. “Ku ji mini Barira da rashin ta-ido! In aika in ce masa me? In ce 'yarka ta girma? Yaron da ko sunanta ba ya iya faɗa, shi za a sa ya zauna yana zancen ƙafarta? Ai sai ya nitse a ƙasa. Kuma ma gara takalmin ya ɗan riƙe ta. Mace da ƙafa kamar faifai, ranar ƙunshi lalle kwano guda ba zai ishe ta ba.”

Makarantar su Sharifa ba kusa take ba, sai an ratsa gonaki an tsallaka kwari. Sai yarinya ta samo dabara. Ta fita gida da takalmi a ƙafa tana cije leɓe, da ta wuce kukar bakin gari ta tuɓe ta jefa a jaka, ta ci gaba da tafiya ƙafa a ƙasa, sai ta hango ƙofar makaranta ta sake zaman cokali. Ba a daɗe ba wata mai dawowa daga itace ta tsaya a ƙofar gida.

“Dada, lafiya kuwa Badamasi yake? Na ga jikarki tana tafe ba takalmi kamar marainiya.”

Ranar har gidana na ji faɗan. Ba ƙayar da yarinya ke takawa ce ta dami Dada ba, a'a, abin da gari zai ce game da ɗanta ne. Ta kafa doka: daga ƙofar gida har ƙofar aji, a ga takalmin uba a ƙafa. Ta kuma sa masu ido a hanya, kuma kun san garinmu, irin wannan aikin ba a rasa masu yin sa kyauta.

Sharifa ta take bayan takalmin ta mayar da shi kamar silifas. Malamin horo ya tsayar da ita a gaban taro ya ce makaranta ba banɗaki ba ce, ta gyara ko ta koma gida. Ta dawo ta nemi reza ta huda gaban takalmin dama, babban yatsa ya leƙo waje ya sha iska. 'Yan ajinsu suka sa mata suna Kunkuru. Ba ta damu ba, har amsawa take yi. Sai dai Dada ta gani, ta yi salati, ta ɗauki takalmin da kanta ta kai wa mai gyara a bakin kasuwa. Mutumin kirki, ya yi aikinsa tsakani da Allah: ya haɗe bakin hudar ya ɗinke tam, takalmin ya ƙara tsukewa.

Nan na ce to ni zan yi rashin kunyar. Na kira Sharifa gidana, na sa ta taka ƙasa, na karya sabon kara. Na tsuguna na duba yatsun. Sun lanƙwashe sun hau juna, farcen babban yatsa ya fara nitsewa cikin nama, gefensa ya yi ja. Na ba Munzali karan na ce ya damƙa wa Malam Badamasi hannu da hannu, ya ce masa wannan ne awon yarinyar Dada na yanzu.

Da yamma Munzali ya dawo yana dariya tun kafin ya kashe mota.

“Inna, na kai saƙo. Ya karɓa ya jera shi da nasa na rumfa, ya duba, ya sake dubawa. Sai ya ce, ‘Wa ya ba ka?’ Na ce Inna Barira. Sai ya yi murmushi ya ce, ‘Allah sarki Barira. Ka ce mata in takalmi take so ta faɗa wa mijinta, ba sai ta laɓe a bayan yarinya ba. Wannan ai ƙafar babbar mace ce.’”

Kun ji fa! Ni da jikokina, ni ce zan yi ƙaryar kara don in ci takalmin banza. Labari ya zaga Maruta kafin magariba. Har mijina ya shigo yana tambaya ko silifas ɗina ya tsinke ne ban faɗa masa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rantse ba zan ƙara sa baki ba. Rantsuwar ba ta yi nisa ba, sai da na yi kaffara.

Dada kuwa ta shiga neman maganin takalmi, tun da a wurinta ƙafar ce mai laifi, takalmin kuma haƙuri kawai yake bukata. Ta jiƙa shi a ruwan zafi. Ta shafe cikinsa da man gyaɗa. Ta cusa masa totuwar masara ta bar shi a rana ko zai saki. Bai saki ba, sai dai ya koma warin ƙuli-ƙuli, tururuwa suka samu gidan haya.

Yatsan ya kumbura ya yi sulɓi, ya fara ruwa. Sharifa ta daina tsokana, wanda a wurinta wannan ba ƙaramar alama ba ce. In ta dawo makaranta sai ta zauna a bakin rijiya ta ɓare safa daga jikin ciwon a hankali, hawaye na zuba. Wata safiya ƙafar ta ƙi shiga sam, ko da cokali.

“Dada, bari in sa silifas ɗinki in tafi. Jarrabawa ta matso.”

“Ki fita da silifas a ce Badamasi ya gaza? Zauna har ta saɓe.”

Ta zauna. Da kumburin ya ɗan sauka aka sake cusa ƙafar, ta je ta dawo tana jan ta, washegari kumburin ya fi na da. Haka aka yi ta yi, ta je yau, ta kwanta gobe da jibi.

Sai Dada ta gano musabbabin ciwon. Ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga murya yadda katanga ba za ta tare ba.

“Ni dai na san takalmi ba ya kumbura mutum. Sawun yarinyar nan aka ɗauka. Wasu sun kira ta gida sun sa ta taka ƙasa, wa ya san abin da aka yi da ƙasar?”

Na ce daga inda nake, “Dada, miya na yi da ita.”

Aka shiga yi wa ƙafa hayaƙi, aka ɗaura mata wani ƙulli a idon sawu, aka barbaɗa garin magani a kan ciwon. Zazzaɓi ya rufe yarinya. Ana cikin haka sai ga ƙugin babur. Wannan karon ba a ce mata ɓace ba, don tana kwance a ɗaki ba ta iya ko tashi. Na matso jikin katanga na kasa kunne.

“Ya yara?”

“Lafiya lau.”

Ban san lokacin da na taka turmi na leƙa ba. “Ba lafiya ba, Malam Badamasi! Sharifa na kwance, ƙafarta na neman ruɓewa! Sharifa fa na ce, 'yarka!”

Jin sunan sai bawan Allah ya ƙara sunkuyar da kai, ya yi ɗan tari, ya shiga wasa da makullin babur. Can ya ce, “Allah ya sawwaƙe.” Ya tura wa Dada wani abu ƙarƙashin tabarma ya ce a sayi magani, ya miƙe. Tsakaninsa da ƙofar ɗakin da take kwance bai kai tsawon tabarma biyu ba. Dada ta raka shi tana cewa ya yi haƙuri da maƙwabta, ba kowa aka yi wa tarbiyya ba.

Amma fa abin ya taɓa shi, kada a zalunce shi. Ranar kasuwa ta gaba sai ga Munzali da leda. Takalmi ne sau-ciki, ja, mai ɗan fure a gaba, na dubiya. An gwada shi da karan rumfa.

Sharifa ta juya shi a hannu, ta yi 'yar dariyar da ban so ji ba. “Inna Barira, ajiye wa jikarki Jannat. In ta shiga firamare zai yi mata.”

Ranar da jan ciwon ya haura bayan ƙafa, yarinya ta fara sambatu, ban nemi izinin kowa ba. Na sa mijina ya fito da babur, muka ɗora ta a tsakiya na riƙe ta ta baya, muka nufi asibiti a Gwaram. Dada ta biyo mu a motar Munzali tana faɗa, ta kuma taho da farin kambas a leda, wai kada a sallami yarinya ta fito ba takalmi a garin mutane.

Malamar asibitin da ta karɓe mu wata gajeriya ce mai kaifin harshe. Ta wanke ciwon, ta duba yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta ce wane irin takalmi yarinyar ke sawa. Dada ta zaro shi da alfahari. Malama ta kara shi a tafin ƙafar Sharifa, yatsu suka yi saura a waje.

“Na ƙanwarta kika ɗauko, Iya.”

“Nata ne. Ubanta ya aiko daga Birnin Kudu. Da awo yake saye.”

“Awon yaushe?”

Ni na taimaka wa Dada da amsa. Malama ta ajiye takalmin a hankali kamar mai gudun kada ta jefi wani da shi. Ta ce yarinya a wannan shekarun ko awon Ƙaramar Sallah ba a yarda da shi a Babba, sai an sake gwadawa, kuma a bar sararin da babban yatsan hannu zai kwanta a gaba. Ta ce farcen dole a cire shi. Ciwon zai warke in Allah ya so, tun da an zo kafin ya kai ƙashi, amma yatsun da suka lanƙwashe ba ta yi alkawarin za su miƙe ba, don a matse suka yi girmansu.

“Ba ni lambar uban,” in ji ta.

“Ai 'yar fari ce,” in ji Dada. “Ba ya…”

“Iya, ni ban tambaye ki ta nawa ba ce.”

A gabanmu ta kira shi. Wannan malama ba ta san wani abu wai shi kara ba. Ta ce masa ba za ta sallami yarinya ba sai uban da ya haife ta ya zo ya ga aikin hannunsa da idonsa.

Aka cire farce, zazzaɓi ya sauka, jarrabawa kuwa aka yi ta ba Sharifa. Da ta fara samun ƙarfi sai ta riƙa fitowa baranda ta zauna a benci, ta lulluɓe da dogon hijabinta har ƙasa saboda ƙuda. Wata hantsi Dada ta tafi wanki a bayan ɗakin, ni kuma na je karɓo ruwan zafi wurin mai shayi. Ina dawowa na hango Malam Badamasi a gabana, ya sha farar shadda, yana tafe yana waige-waige, da 'yar leda a hannu, alawa mai tsinke na leƙowa daga ciki. Bai gan ni ba. Na rage tafiya.

Ya tsaya daidai bencin.

“Sannu, 'yammata. Don Allah ina ake kwantar da yara? Wata 'yar yarinya nake nema, daga Maruta aka kawo ta.”

Sharifa ta ɗago. Ita kam ta san shi sarai, ta sha leƙensa ta bayan rumbu. Na ga leɓenta ya motsa, na ce yanzu za ta ce Baba. Sai ta gyara zama.

“Ya sunanta, Malam?”

Ya yi ɗan tarin nan nasa. “Ai… yarinyar wajen Dada ce. Ciwon ƙafa.”

“Masu ciwon ƙafa suna da yawa. Kwatanta mini ita.”

Ya miƙa tafin hannunsa ya tsayar da shi daidai aljihun rigarsa na gefe. “Kamar haka take. 'Yar firit.”

Ta daɗe tana kallon hannun.

“Ban ga mai wannan tsawon ba,” in ji ta. “Amma ɗakin ƙananan yara yana can ƙarshe, ka duba.”

Ya yi mata godiya, har da sa albarka, ya wuce.

Jama'a, iyayenmu ma sun yi kunyar ɗan fari, ni kaina ban taɓa kiran sunan nawa ba har yau. Amma na san ranar da haƙorinsa ya fito, na san ranar da wandonsa ya ɗage, don kunya baki take kamewa, ba ta rufe ido. Wanda ya kau da kai a gaban mutane, ai yana dawowa ya saci kallo in sun watse. Wannan na Malam Badamasi ba kunya ba ce, hutu ne. Ya samu al'adar da ta sauke masa kaya, har ana yaba masa a dakali, tsohuwarsa na tsaron sunansa, yarinya na biya da yatsunta. Ina tsaye da butar shayi a hannu ina hango shi ta taga yana bin gadajen yara ɗaya bayan ɗaya, yana leƙa fuskar 'ya'yan mutane, wallahi ban san ko dariya zan yi ko kuka ba.

Na zauna kusa da ita. Ta janye hijabin ta miƙe ƙafar da ke naɗe da bandeji, idonta ya cika taf amma bakinta na murmushi.

Na ce, “Ke, ba kya jin tsoron Allah? Bari in kira shi.”

Ta riƙe mini hannu.

“Ƙyale shi ya zaga tukuna, Inna. Shi ai takalminsa bai matse shi ba.”